Shawarar Jama'a Wajen Sake Gina Kufan Tagwayen Hasumiyoyin Niyok

1.0 GABATARWA

Hausawa kan ce shawara ɗaukar ɗaki, watau abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai an taru an sa masa hannu. To amma wanda ya taya ɗaukar jinka ba ya zama mai ɗaki saboda wannan taimako, ba kuwa shi ke faɗin inda ƙofa za ta duba ba. Wannan rata da ke tsakanin ba da shawara da yanke magana ita ce abin da wannan maƙala za ta bi diddiginta, ta hanyar duba yadda aka nemi jin ta bakin jama'a a birnin Niyok na ƙasar Amurka, bayan da aka rushe tagwayen hasumiyoyin Cibiyar Ciniki ta Duniya ranar 11 ga Satumba, 2001.

Da wuya a sami wani aikin gini na wannan zamani da aka tara mutane masu yawa domin jin ra'ayinsu a kansa kamar wannan. Ga shi kuma an daɗe da kammala mafi yawan aikin, saboda haka ana iya jera abin da jama'a suka nema da abin da aka gina, a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Za a fara da bayanin hasumiyoyin da masu haƙƙi a filinsu, sa'an nan a bi matakan shawarar ɗaya bayan ɗaya, daga bisani a kwatanta da abin da ya faru a wasu birane uku waɗanda su ma suka taɓa rasa hasumiyarsu.

2.0 HASUMIYOYIN DA KUFANSU

Minoru Yamasaki, Ba'amurke ɗan asalin Japan, shi ne ya zana tagwayen hasumiyoyin. Kowace tana da hawa 110. Ta arewa tsawonta ƙafa 1,368 ne, ta kudu kuwa ƙafa 1,362, aka kuma yi bikin buɗe su ranar 4 ga Afrilu, 1973. Filin da aka gina su a kai eka 16 ne a kudancin tsibirin Manhatan, wanda a dā unguwa ce ta ƙananan kantuna da ake kira Layin Rediyo, saboda kayan rediyo da na lantarki da ake sayarwa a can. Masu kantunan sun yi zanga-zanga, sun kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba, aka fara rushe unguwar a 1966. Aka toshe titunan da suka ratsa ta, aka mai da wurin dandali guda wanda ya yanke daga sauran gari. Ya kamata a lura da cewa wancan gini na farko ba a yi shi da yardar mutanen wurin ba.

Da fari masana fasalin gini ba su yaba hasumiyoyin ba, wasu ma sun kwatanta su da dogayen akwatuna. Sannu a hankali ido ya saba da su. Ranar 7 ga Agusta, 1974 wani Bafaranshe mai wasan igiya, Philippe Petit, ya ɗaura waya tsakanin ƙololuwarsu ya yi tafiya a kai, abin da ya sa mutanen gari suka fara yi musu kallon ƙauna. Suka shiga hotuna da finafinai, suka zama abin da baƙo ke fara hangowa, kuma abin da ɗan gari ke dubawa ya gane kudu idan ya fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kimanin mutum 50,000 ne ke aiki a cibiyar kowace rana.

Harin 2001 ya halaka mutum 2,753 a wurin. An ɗauki wata takwas da 'yan kwanaki ana kwashe ɓaraguzai, wajen tan miliyan 1.8, aka gama ranar 30 ga Mayu, 2002. Abin da ya rage shi ne rami mai zurfin ƙafa 70, da katangar kankare wadda tun asali aka gina domin ta tare ruwan kogin Hudson. Ko sunayen da aka laƙaba wa kufan suna nuna yadda kowa ke kallonsa. 'Yan jarida sun ce masa Ground Zero, kalmar sojoji ce da ke nufin daidai inda bam ɗin nukiliya ya fashe. Ma'aikatan ceto kuwa suna ce masa Tsibi, da aka kwashe tsibin suka koma ce masa Rami. Iyalan mamata suna kiransa tsattsarkan wuri, domin har zuwa 2023 akwai kimanin mutum 1,100 da ba a tantance ko guntun gawarsu ba, watau a wurin danginsu wannan fili shi ne makabartarsu.

3.0 MASU HAƘƘI A FILIN

Ba za a fahimci iyakar shawarar jama'a ba sai an san waɗanda doka ta ba iko da filin. Na farko ita ce Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta jihohin Niyok da Niyu Jasi, wadda aka kafa a 1921. Ita ce mai filin. Gwamnonin jihohin biyu ne ke naɗa kwamishinoninta goma sha biyu, ba zaɓensu ake yi ba, kuma filayenta ba sa ƙarƙashin dokokin tsara gari na birnin Niyok. Ma'anar wannan ita ce, matakan sauraron jama'a da doka ta wajabta wa sauran manyan gine-gine a birnin ba su hau kanta ba. Har ila yau hukumar ba ta cin kuɗin haraji, da kuɗin haya da na gadoji da filayen jirgin sama take gudanar da ayyukanta.

Na biyu shi ne Larry Silverstein, attajiri mai harkar gine-gine, wanda ya sa hannu a kan yarjejeniyar hayar cibiyar ta shekara 99 a kan dala biliyan 3.2 ranar 24 ga Yuli, 2001, watau mako bakwai kafin harin. Yarjejeniyar ta ɗora masa ci gaba da biyan haya, wajen dala miliyan 10 kowane wata, ko da ginin ya faɗi, ta kuma ba shi haƙƙin mayar da ofisoshin da aka rasa. Kuɗin inshora ma ta hannunsa za su biyo, waɗanda bayan doguwar shari'a suka tsaya a kan kimanin dala biliyan 4.55.

Na uku ita ce Hukumar Raya Kudancin Manhatan, wadda aka kafa a watan Nuwamba na 2001 a ƙarƙashin shugabancin John Whitehead, aka ba ta fiye da dala biliyan 2 na gwamnatin tarayya. Gwamna da magajin gari ne ke naɗa membobinta. An ɗora mata tsara yadda za a farfaɗo da yankin, alhali ba ta mallaki ko taku ɗaya na filin ba. A bayan waɗannan duka akwai gwamnan jihar Niyok na lokacin, George Pataki, wanda yake da hannu a hukumomin biyu.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ba su da takarda amma suna da haƙƙin da ba mai iya musantawa: iyalan mamata, da mazauna unguwannin kusa, da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da suka rasa abokan aiki, da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikatan da harin ya raba da abincinsu. Su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu iyalai sun so a bar eka 16 ɗin duka ta zama wurin tunawa, ra'ayin da magajin gari mai barin gado, Rudolph Giuliani, ya goyi baya a jawabinsa na ban kwana a watan Disamba na 2001. Mazauna unguwa kuwa ba su so a mai da ƙofar gidansu makabarta, sun fi son tituna da kantuna da makarantu. Akwai kuma masu cewa a mayar da tagwayen yadda suke, ko ma a ƙara musu tsawo, don kada maharan su ga sun ci riba.

4.0 TARON SAURARON BIRNI

Tun kafin hukuma ta nemi ra'ayin kowa, ƙungiyoyin sa kai sun fara tattarawa. Wata tsohuwar ƙungiyar kula da kyan birni, Municipal Art Society, ta shirya ƙananan tarurruka fiye da 200 a farkon 2002, inda mutane suka faɗi abin da suke so a yi. Haka kuma ƙungiyoyi da dama suka haɗu a inuwa guda mai suna Civic Alliance, suka yi taron farko na mutum wajen 600 a watan Fabrairu na wannan shekara.

Ranar 16 ga Yuli, 2002 hukumomin biyu suka fito da tsari shida waɗanda kamfanin zanen gini na Beyer Blinder Belle ya shirya. Kowane an sa masa suna mai ɗauke da kalmar tunawa, kamar Dandalin Tunawa da Lambun Tunawa, amma duka shidan an gina su ne a kan sharaɗi guda da Hukumar Tashoshi ta gindaya: dole a mayar da ofisoshi masu faɗin murabba'in ƙafa miliyan 11, da kantuna masu murabba'in ƙafa 600,000, da otal mai irin wannan faɗin. Da yake an keɓe wani sashe na filin domin tunawa, sai aka cusa wannan lodi duka a abin da ya saura. Shi ya sa tsare-tsaren suka fito kamar 'ya'yan uwa ɗaya.

Bayan kwana huɗu, ranar 20 ga Yuli, mutum fiye da 4,000 suka hallara a babban zauren taro na Jacob Javits, a taron da aka kira Sauraron Birni. Wata ƙungiya mai suna AmericaSpeaks ce ta tsara yadda za a gudanar da shi, kuma tsarin ya cancanci a yi bayaninsa. An raba mutane teburi teburi, kowane mutum goma zuwa goma sha biyu, aka cakuɗa su yadda wanda ya rasa ɗa zai zauna kusa da mai kanti ko ɗalibi. Kowane teburi yana da mai jan ragamar zance wanda aka horar, da kwamfuta wadda ake rubuta abin da aka tattauna. Rubutun yana tafiya nan take zuwa ga wasu mutane da aka keɓe domin tace ra'ayoyi, su fitar da waɗanda suka fi yawan maimaituwa, a haska su a manyan alluna. Sa'an nan kowa ya danna 'yar na'urar da ke hannunsa ya jefa ƙuri'a, sakamako ya fito kowa yana gani. Bayan taron an ci gaba da muhawara ta intanet har mako biyu, da mutum wajen 800.

Masu shirya taron sun jingina shi da wata tsohuwar al'adar arewa maso gabashin Amurka, wadda ta faro tun ƙarni na 17, inda mutanen ƙaramin gari ke taruwa su yanke al'amuran garinsu da kansu. Amma akwai bambanci babba. A wancan taron gari na gargajiya abin da aka ƙuri'anta ya zama doka. A zauren Javits kuwa shugabannin hukumomi sun zo sun zauna sun saurara, ba tare da wani abu ya wajabta musu bin abin da suka ji ba. Daɗin daɗawa, duk da ƙoƙarin da aka yi na gayyato kowane jinsi, baƙaƙen fata da masu jin harshen Sifaniyanci da matasa da masu ƙaramin ƙarfi ba su halarta gwargwadon yawansu a yankin ba.

Duk da haka muryar taron ta fito sarai. Mahalarta suka ƙi tsare-tsaren shida, suka ce cunkoso ya yi yawa, ofisoshi sun danne komai, kuma babu wani abu a cikinsu da ya kai girman abin da ya faru. An ruwaito wani yana cewa sun yi kama da Albany, watau ƙaramin birnin da ke hedkwatar jihar. Suka nemi a bar gurbin hasumiyoyin biyu ba gini a kai, a mayar da titunan da aka toshe, a gina wani dogon abu da zai cike giɓin da ake gani a sama, a kuma samar da gidajen zama masu sauƙin haya da wuraren al'adu. Jaridu suka ɗauki maganar, cikin 'yan makonni aka jingine tsare-tsaren shida. A nan ne ƙarfin jama'a ya kai maƙura a duk tsawon aikin.

5.0 GASAR ZANE DA YADDA AKA YI ZAƁE

Hukumar Raya Kudancin Manhatan ta buɗe ƙofa ga masu zanen gini na duniya. Ƙungiyoyi 406 suka nema, aka zaɓi bakwai, aka kuma sassauta sharaɗin ofisoshi zuwa tsakanin murabba'in ƙafa miliyan 6.5 da miliyan 10. Ranar 18 ga Disamba, 2002 aka bayyana zane tara, aka baje samfurorinsu a zauren Winter Garden da ke daura da kufan, inda mutum fiye da 100,000 suka je kallo, da yawa suka bar ra'ayinsu a rubuce. A wasu ƙuri'un jin ra'ayi da kafofin watsa labarai suka yi, zanen Norman Foster na Ingila ne ya yi gaba, wanda ya ƙunshi hasumiyoyi biyu masu haɗuwa da juna a wurare uku. Bai kai zagayen ƙarshe ba.

Biyun da suka kai su ne zanen ƙungiyar THINK, wadda Rafael Viñoly yake cikin jagororinta, da na Daniel Libeskind. Na farko ya kawo hasumiyoyi biyu na saƙaƙƙen ƙarfe, ba bango, a tsaye bisa gurbin na dā, da ɗakunan al'adu a rataye cikinsu. Libeskind kuwa, wanda aka haifa a Folan a 1946, ɗan iyayen da suka tsira daga kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, ya ce a bar ramin a buɗe, a bar katangar da ta tare kogi a fili ta zama shaida, a kewaye wurin da benaye masu hawa kamar matakala, mafi tsawonsu ya kai ƙafa 1,776, adadin shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta. Kwamitin hukumar ya karkata ga THINK. Gwamna Pataki ya ƙi, yana ganin hasumiyoyin ƙarfen za su yi wa iyalai kama da ƙwarangwal ɗin waɗanda suka faɗi. Shi da magajin gari Michael Bloomberg suka tsaya a kan Libeskind, aka sanar ranar 27 ga Fabrairu, 2003.

Tun kafin wannan sanarwa, a ƙarshen Janairu, Silverstein ya rubuta wa Whitehead yana tunatar da shi cewa haƙƙinsa ne ya gina murabba'in ƙafa miliyan 10, kuma da shi za a zaɓi mai zanen benayen. Haka kuwa aka yi. A watan Yuli na 2003 aka ba David Childs, mai zanen da Silverstein ya ɗauka, jagorancin babbar hasumiyar, Libeskind ya koma mai taimakawa. Aka aza harsashi ranar 4 ga Yuli, 2004. A 2005 rundunar 'yan sandan birnin ta ce ginin ya yi kusa da babban titi, motar da aka ɗura wa bam za ta iya isa gare shi. Aka sāke zane, aka ja shi baya, aka ɗora shi a kan gindin kankare mai tsawon fiye da ƙafa 180. A duk waɗannan sauye-sauye ba a sake kiran taro irin na Javits ba. An fara ginin sosai a watan Afrilu na 2006, a shekarar da Hukumar Tashoshi ta karɓi hasumiyar daga hannun Silverstein, aka buɗe ta a watan Nuwamba na 2014. Sunan da Pataki ya raɗa mata, Hasumiyar 'Yanci, hukumar ta ajiye shi a 2009 ta koma kiranta da lambar adireshinta, domin ya fi sauƙin tallatawa ga 'yan haya.

Game da masu son a mayar da tagwayen yadda suke, hukuma ba ta taɓa sa wannan cikin abubuwan da za a zaɓa ba, ko da yake ra'ayin yana da magoya baya, har Donald Trump ya tallata wani samfurinsa a watan Mayu na 2005. Dalilai biyu suka tare shi. Masu harkar gidaje suna tsoron ba za a sami mai hayar hawa na ɗari ba bayan abin da ya faru, shi kansa Silverstein benaye huɗu masu hawa 50 ya fara ambata. Sa'an nan tun a watan Yuni na 2002 Pataki ya yi wa iyalai alkawarin ba za a yi gini a gurbin hasumiyoyin ba. Abin da ya saura na tagwayen a sama shi ne rufin sabuwar hasumiyar, wanda aka tsayar a ƙafa 1,368 daidai da ta arewa, da kuma fitilu 88 da ake haskawa sama su yi ginshiƙi biyu na haske, al'adar da aka fara ranar 11 ga Maris, 2002, ake kuma maimaitawa kowace shekara a ranar tunawa.

6.0 WURIN TUNAWA

Wajen zaɓen fasalin wurin tunawa an bi wata hanya dabam. An buɗe gasa ga kowa, gwani da ɗan koyo, zane 5,201 suka shigo daga ƙasashe 63. Amma aka danƙa hukunci ga alƙalai goma sha uku, cikinsu har da Maya Lin wadda ta zana bangon tunawa da sojojin yaƙin Biyetnam a Washinton, da mace ɗaya daga cikin iyalan mamata. Da gangan aka nisanta su daga ƙuri'ar jama'a da matsin 'yan siyasa, bisa hujjar cewa aikin fasaha ba ya kyau idan aka yi shi da rinjayen hannu. A watan Janairu na 2004 suka zaɓi zanen Michael Arad, matashi mai shekara 34 da ke aiki a hukumar gidaje ta birnin, aka haɗa shi da Peter Walker, gwanin tsara lambu. Zanen tafki biyu ne a gurbin hasumiyoyin, kowane kusan eka guda, ruwa yana kwarara cikinsu daga tsawon ƙafa 30, da itatuwa wajen 400 kewaye.

To amma a nan ne iyalai suka nuna cewa wanda aka hana ƙuri'a yana iya samun wata hanyar. Arad ya so a rubuta sunayen mamata a ƙarƙashin ƙasa, a kuma warwatsa su ba bisa wani jeri ba, don a nuna mutuwar ba ta zaɓa ba. Iyalai da yawa suka ƙi, 'yan kwana-kwana suka ce a haɗa nasu wuri ɗaya. A 2006, bayan an ga kuɗin aikin yana neman kai dala biliyan 1, aka rage zanen, aka fito da sunayen sarari a bakin tafkunan. Aka kuma amince a jera su bisa inda mutum yake da waɗanda yake tare da su, aka ba iyalai dama su nemi a sa sunan nasu kusa da na aboki ko abokin aiki. Sunaye 2,983 ne, har da na waɗanda suka mutu a Pentagon da Pennsylvania, da mutum shida na harin bam na 1993. Haka kuma wata cibiya da aka shirya ginawa a filin domin ba da tarihin gwagwarmayar 'yanci a duniya, wasu iyalai suka yi mata ca, suna cewa za ta jawo gardamar siyasa kan kabarin 'yan'uwansu, Pataki ya soke ta a watan Satumba na 2005. An buɗe wurin tunawa ranar 11 ga Satumba, 2011, gidan tarihinsa kuwa a watan Mayu na 2014.

7.0 AWON ABIN DA AKA SAMU

A 1969 wata masaniyar Amurka, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a cikin al'amuran hukuma da tsani mai mataki takwas. A ƙasa akwai inda ake juya mutane kawai, a tsakiya akwai sanarwa da tuntuɓa da lallashi, a sama kuwa akwai tarayya cikin iko har zuwa riƙe shi gaba ɗaya. Idan aka auna abin da ya gudana a Niyok da wannan tsani, a tsakiya ya tsaya, sai dai sakamakonsa ya fi abin da aka saba samu a wannan mataki.

Abin da jama'a suka nema suka samu a bayyane yake. An bar gurbin hasumiyoyin, kusan rabin filin ya zama wurin tunawa, an mayar da titin Greenwich da na Fulton sun ratsa wurin kamar dā, an sami doguwar hasumiya, an kuma buɗe gidan wasanni na Perelman a 2023. Abin da ba su samu ba shi ma a bayyane yake. Yawan ofisoshin da aka tsara bai ragu ba sai kaɗan, daga miliyan 11 zuwa wajen 10. Ba a gina gidan zama ko ɗaya a cikin eka 16 ɗin ba. Sai a 2023 aka amince da wani bene mai gidaje kimanin 1,200 a wani fili da ke kudu da wurin, kashi ɗaya cikin uku na masu ƙaramin ƙarfi.

Idan aka dubi jerin nan biyu za a ga inda layin ya bi. Duk abin da ya shafi ma'ana da alama da mutuncin mamata, maganar jama'a ta yi tasiri, musamman ta iyalai, waɗanda ba ɗan siyasar da zai so a gan shi yana jayayya da su. Duk abin da ya shafi haya da inshora da tsaro kuwa, an yanke shi ne tsakanin masu takarda. Har ila yau jama'a sun fi ƙarfi wajen ƙi a kan wajen zaɓe: sun kayar da tsari shida da cibiya guda, amma ba su ne suka ɗauki ko ɗaya daga cikin zanen da aka gina ba.

8.0 KWATANCI DA WASU BIRANE

Hasumiyar ƙararrawa ta dandalin San Marko a birnin Benis na Italiya ta rushe da kanta ranar 14 ga Yuli, 1902. A daren ranar majalisar gari ta zauna ta yanke a mayar da ita yadda take a inda take, aka buɗe sabuwar ranar 25 ga Afrilu, 1912. A Balin ta Yamma, Egon Eiermann ya ci gasar sake gina majami'ar tunawa da Kaisar Wilhelm a 1957, da zanen da zai kawar da guntun hasumiyar da bama-baman 1943 suka bari. Mutanen gari suka yi ta rubuce-rubucen ƙin yarda a jaridu har aka bar guntun a tsaye, aka gina sabuwar majami'a a gefensa. A Mausil ta Iraƙi kuwa, hasumiyar masallacin Nuri ta ƙarni na 12, wadda ake kira Hadba, watau mai doro, saboda karkacewarta, 'yan ƙungiyar Da'ish sun tarwatsa ta a watan Yuni na 2017. Da hukumar UNESCO ta sa aka tambayi mutanen gari, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce a mayar da ita da doronta, aka kuwa yi haka, aka kammala a 2025.

A waɗannan wurare uku abin da mutanen gari suke so shi aka yi, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Hasumiyar ƙararrawa da ta kiran salla ba a ba da su haya, saboda haka tambayar da ke gaban mutane ta ma'ana ce kaɗai. Tagwayen Niyok kuwa alamar gari ne a idon mai kallo, kadara ce a littafin mai ita, sa'an nan suka zama makabarta a rana ɗaya. Wuri guda aka nemi ya ɗauki waɗannan duka.

9.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bi matakan da aka bi wajen jin ra'ayin jama'a game da kufan Cibiyar Ciniki ta Duniya, tun daga taron Yuli na 2002 har zuwa buɗe sabuwar hasumiya a 2014. An ga cewa an saurari mutane da yawa, kuma sauraron ya canja fasalin wurin ƙwarai, amma bai taɓa sharuɗɗan da yarjejeniyar haya ta 2001 ta kafa ba, domin ba a taɓa ajiye waɗannan sharuɗɗa a teburin shawara ba. Darasin da masu nazarin al'adu da tsara birane za su ɗauka shi ne, kafin a yaba wa taron jin ra'ayi saboda yawan mahalartansa, sai a fara tambaya: mene ne aka riga aka yanke kafin a kira taron, wa ke da ikon karɓa ko ƙin abin da aka faɗa, kuma za a sake komowa ga mutanen idan zane ya canja? Akwai sauran aiki ga masu bincike, musamman game da unguwannin talakawa da ke kusa da wurin, irin su unguwar Sinawa, waɗanda harin ya durƙusar da sana'o'insu amma aka fi jin muryar wasu a kan tasu.